Babana Yana Ɓoye Ciwonsa a Gaban Waya

Anti, ki gafarce ni da ƙarfin halin rubuto miki. Ni 'yar sakandare ce, ko a aji da ƙyar nake ɗaga hannu, amma abin nan ya tsaya mini a rai. Don Allah ki taimake ni da shawara.

Babana tela ne, ya daɗe yana fama da ciwon baya. Da can mun sha wahala: wannan asibiti ya rubuta magani, wancan ya ce a daina. Yanzu alhamdu lillahi an haɗa kansu. Duk wata likitansa, da mai gashin ƙashi, da mai ba da magani, da wata nas mai tsara komai, suna taro ta bidiyo a kan masu irin ciwonsa. Idan an zo kansa sai a shigar da mu. Baba yana kiransu majalisarsa. Yanzu yana samun barci, har ya dawo da tsokanar Mama cewa hannunta ya cika gishiri. Gaskiya muna cikin jin daɗi.

Ni ce nake jingina wayar a jikin flas ɗin shayi, sai in koma gefe. Ranar taro Baba yakan yi wanka, ya sa riga ɗinkin hannunsa, ya bar katifa ya zauna cak a kujerar katako. Su fuska da kafaɗa kawai suke gani, yana ta murmushi. Ni kuwa ina ganin yadda ya damƙe gefen kujerar har jijiyoyin hannunsa sun tashi. Da an kashe wayar sai ni da Mama mun kama shi, ranar ba ya ƙara moruwa. Ya ce mutane sun bar aikinsu dominsa, ba zai tarbe su a kwance ba.

A taron da ya wuce sun yaba sosai, sun ce a na gaba za su rage masa gashin ƙashin, ya koma yini a kan keken ɗinki. Baba ya yi murna, ni kuwa na san jikinsa bai kai nan ba. In na yi magana, na ƙaryata mahaifina a gaban baƙi. In na yi shiru, ina tsoron mu koma inda muka fito. Mama ta ce ba ta shiga tsakaninsa da majalisarsa.

In ba takura ba ne, Anti, kin yarje mini in sake rubuto miki bayan taron?

Ɗiyar Tela

'Yata,

Na yarje miki, kuma babu abin gafara a nan. Babanki ba ƙarya yake yi ba, karamci yake yi, kuma yana kewar kekensa. Ki ga girmansa a kan haka. Su ma ma'aikatan ba su yi sakaci ba, abin da waya ta nuna musu shi suka gani, a kansa kuma za su yanke shawara.

Kada ki tare shi a cikin taro, kada kuma ki kira nas ɗin a bayan idonsa. Ki same shi ranar da jikin ya yi daɗi, ki faɗa masa abin da kike gani daga gefe, da abin da kike tsoro. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki nuna masa cewa shi ma ba ya yanka yadi sai ya gwada mutum daga sama har ƙasa, su kuwa kafaɗa kawai yake ba su. Ki roƙe shi abu biyu: ya bari ki ja wayar baya yadda za su ga zamansa da tashinsa, sannan ya faɗa musu da bakinsa yadda yake yini bayan taro. Ya sa rigarsa mai kyau, wannan ba ya hana komai.

In bakinki ya yi nauyi, ki sa Mama ta zauna kusa da ke. Wannan kaya ba naki ba ne ke kaɗai, kuma ita ce take kama ɗaya hannun nasa. In ya ƙi, ki nemi izininsa Mama ta yi magana da nas ɗin kafin ranar.

Ina kyautata zaton zai saurare ki. Uba yakan jure ciwon jikinsa, amma da wuya ya jure jin cewa 'yarsa tana zaune a gefe cikin tsoro. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ke kuma ya yi miki albarka.

Anti