Faifan da Aka Bari a Batsari

Safana,
6 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga Yaya Surajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka Alhaji Muntaka mai majigi da duk mutanen Batsari. Yaya aiki, yaya fama da zafi? Mu nan lafiya lau. Baba da Inna da Kaka suna gaishe ka.

Yaya, ka san ban iya magana a gabanka ba, shi ya sa na bari sai da ka tafi na ɗauki biro. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Fim ɗin Indiyan da kuka kawo mana ranar kasuwa, na taɓa ganinsa. An nuna mana shi a makaranta zangon da ya wuce, daga farko har ƙarshe, na kuma karanta rubutun Turancin da ke bi ta ƙasan hoton. Ban ga laifinka don ba ka jin Indiyanci ba. Ba mai ji a garin nan, kuma mutane suna son yadda kake riƙe lasifika kana raɗa wa 'yan fim sunayenmu. Da ka kira sufeton nan mai gashin baki Sarkin Pawa, ni ma na yi dariya cikin mayafi.

Amma da aka tsamo gawar attajirin daga rijiya, matarsa mai fararen kaya ta fito da fitila tana waƙa, me ya kai bakinka ga cewa, "Jama'a, ga Tasalla nan ta fito yawon takaba"? Gwaggo Tasalla fa, ta bayan gidanmu, wadda ta goya ni lokacin da Inna ke jinya. Wata biyu ke nan da aka tsinci mijinta Malam Daudu a gona ba rai. Ba ta da ɗan aike, ita ke zuwa rijiya da farin zanenta na takaba. Duk ka sani.

Sannan faifan ƙarshe kun manta shi a Batsari. Maimakon ka faɗa wa mutane gaskiya, sai ka ƙarasa labarin da baki, ka ce ita ta ci mijin, a tashi a tafi gida.

To ga abin da ke cikin faifan nan. Likitan gidan ne ya yi kisan. Shi ya sa agogon bangon nan da ya mutu yake bugawa da kansa duk sanda ya shigo falo. Matar ba fatalwa ba ce, shigar fatalwa ta yi don ta tsorata shi ya tona kansa a gaban sufeto.

Jiya yara sun bi Gwaggo har ƙofar gida suna kwaikwayon waƙar nan. Don Allah ka ɗauko faifan ka zo ka nuna shi. Abin da nake roƙo ke nan.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Hansatu.

Safana,
15 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga Yaya Surajo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Alhaji da iyalinsa. Mu ma lafiya, sai ƙafar Kaka da ta ɗan tashi, amma da sauƙi.

Habu direba ya kawo saƙonka na baka. Wai wasa ne, wai 'yan boko ba su san wasa ba, wai ba a kunna janareto don faifai ɗaya. Na gode.

Bari in ba ka labarin wasanka. Wainar da Gwaggo ke yi a gida, wadda layi ke kaiwa har zaure da safe, yanzu kaji ke ci. Kwana uku tana zubar da ƙulli, ta haƙura ta kife tanda. A rijiya, in ta iso sai mata su janye gugansu su tsaya gefe, kamar an saki maciji. Wata ta ce mata a gabana, "Yau ba ki zo da fitilar ba?" Suka kwashe da dariya. Gwaggo ba ta ga fim ɗin ba, ba ta ma san mece ce fitilar ba. Ni ta tambaya a hanya, na rasa ta inda zan fara.

Ka ce kowa ya san fim ƙarya ne. Ai ba fim suka gaskata ba, kai suka gaskata. Suna cewa Surajo ɗan unguwa ne, ba zai ambaci suna a banza ba, akwai abin da ya sani. Sahabi, ƙanen marigayi, har ya fara faɗa a majalisa cewa ba zai bar 'ya'yansa su kwana gida ɗaya da ita ba, ta koma wurin danginta a Wagini. Liman ya yi faɗa ranar Juma'a, ya ce zato zunubi ne. Suka ce to, suka fito suka ci gaba.

Na gwada da kaina. Na tsaya a bakin rijiya, na ba su labarin likitan da agogon. Ramatu maƙwabciyarmu ta ce, "Ke Hansatu, ke kika fi mai majigi sanin majigi?" Na dawo gida na yi kuka don haushi.

Ido ne ya gani, ido ne zai warware. In man janareto ne damuwar Alhaji, Baba ya ce zai saya. Ba ka da sauran hanzari. Ka zo kafin ranar kasuwa, Yaya. Matar nan ba ta da inda ya fi ɗakinta.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Hansatu.

Safana,
27 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga Yaya Surajo,

Assalamu alaikum. Da fatan kun koma Batsari lafiya, kai da kayan aikinka. Mutanen gida suna gaishe ka.

Ka yi ta nemana bayan an tashi daga kallo, ban fito ba. Ina jin ka a tsakar gida kana ce wa Inna, "To ai ga shi na gyara."

Ka zo, gaskiya ne, amma sai da ka gama zagayen Karare da sauran ƙauyukan da ake cika muku fili. Ka nuna faifan. Da agogon ya buga, likitan ya zube yana kuka, fili ya ɗauki tafi. Na ji Ramatu tana cewa, "Ashe baiwar Allah ce!" Sahabi ma ya tafa. Matar Indiya suka wanke, Yaya. Ita suka tausaya wa. Ba wanda ya juya ya dubi ɗakin da ke bayan gidanmu, don kowa ya san babu kowa a ciki.

Tun ranar Litinin Gwaggo ta tafi. An jefi ƙofarta da dutse tana salla, washegari yayanta ya zo da jaki biyu. Takabarta ba ta cika ba, ta fita daga ɗakin mijinta. Ni na ɗaure mata tanda cikin tsumma. Ba ta zagi kowa ba. Abin da ta ce kawai, wai in gaishe ka, kuma wai me ta yi maka. Na ce zan tambaye ka. To na tambaya.

Kada ka aiko Habu da amsa, kada ka rubuto. Ba ni za ka ba amsa ba.

Baba ya yarda in ƙarasa hutuna a wurinta, gobe da safe zan bi motar Wagini. In kana son ganina kafin in koma makaranta, ka san hanya, kana da babur. Ka zo ba lasifika, ba majigi. Ƙofar da za ka yi sallama a kanta kafin ka gan ni, tata ce.

Allah ya sa mu gama lafiya.
Ƙanwarka,
Hansatu.