Rumbun da Babu Hatsi a Ciki

Zuwa ga taubashina Salihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Abdu, mai riƙe da makullin ɗakin karatunmu na Tawa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ta a fili ne don mutanen garin nan su karanta, tunda su na ɓoye wa abin da zan faɗa, shekara da shekaru.

Allo ne ya tayar da maganar. Bana an yi wa ɗakin sabon yaɓe da fenti, sai 'yan kwamiti suka ce lokaci ya yi da za a kafa allo a ƙofa da sunan mutum ɗaya. Suka ce nawa za a sa, tunda a wurin na tsufa. Mai fenti ya ba ni takarda in rubuta masa yadda nake so. Kwana bakwai takardar nan ta yi a aljihuna, kuma kai ne ka hana ni sakat.

Ka tuna yadda muka fara. Kai malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe Salihu, kamar yadda yara ke kiran malamansu a nan. Ni kuwa ƙaramin akawu ne da aka danƙa wa ɗaki guda mai taga biyu da kanta uku na littattafai. Sunan wurin da Faransanci yake, ya kuma ƙi zama a bakin kowa. Kakarmu ta gwada shi sau uku ta ce harshenta ya gaji. Sai ka ce a kira shi rumbun karatu, tunda da kaka ake zubawa, a yi ta ɗiba duk shekara. Kafin mako sunan ya bi gari. Na yi wata guda ina neman suna ban samu ba, kai ka same shi kana ɓarar gyaɗa. Daga ranar na fara kishinka, gara in faɗa tun yanzu.

Abin da hukuma ke ba mu bai wuce na gam da tsintsiya ba, kuma sai ya ga dama yake zuwa. Gari ne ya riƙe mu. Kowace kaka mu ɗora akwatin ƙarfe cike da littattafai a amalanke mu nufi Bambeye, wani makon mu bi motar kasuwa zuwa Takanamat. Mu bar wa lakwal ɗin ƙauye littattafai aro, manoma kuma kowa ya fitar da dami ɗaya na hatsi. Da shi muke sayen sababbin littattafai, mu biya kuɗin jarida. Dukawa suna da ranarsu ta ɗinki, su zo da guntayen fata su yi wa littattafan da suka yage bango. Matan unguwa su yi mana yaɓe kafin damina. Mahauta su ba da rago ranar gasar karatu, lokacin hutun yara.

Ni ke ɗaure akwati, ni ke sauke shi. Ni ke bin gida gida ina karɓo littafin da ya kwana wata uku a hannun mutum. Kai kuwa sai ka zauna ƙarƙashin gawo ka buɗe littafi, ka karanta da Faransanci ka juya da Hausa, kana canza murya, tsofaffi suna dariya har da riƙe ciki. In an tashi sai ka ji ana cewa, “Mun ba Mushe Salihu dami.” Ni sunana a ƙauyukan nan “wanga mai makulli”. Har kakarmu, da ta goye mu duka biyu, in za ta aiko da fura sai ta ce a kai rumbun Salihu.

Ba ka taɓa neman hakan ba, na sani. Shi ya fi ƙona mini rai. Da ka yi ƙoƙarin ture ni, da na sami abin kamawa.

Sai ruwa ya ɗauke. Kaka biyu muka je zagaye muka dawo da amalanke wayam, ta ukun ma kunya ta hana mu zuwa. Sojoji sun riga sun karɓi mulki. Mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare suka gangaro Tawa, Buzaye da Hausawa, suka kafa bukkoki a bayan gari.

Wata safiya na zo da makullina na tarar da layi daga ƙofar ɗakin har kwanar masallaci. Mata da ƙwarya, maza da buhu a naɗe a hammata. Wani dattijo mai rawani ya matso ya ce, “An ce muna akwai rumbu wurin ga, kowa ya zo ana ba shi, ba a tambayar ɗan wa na.” Maganarka ce, Salihu. Abin da kake faɗa ke nan a ƙauyuka duk kaka, cewa rumbunmu na kowa ne, kyauta ake ɗiba. Maganar ta yi tafiya daga baki zuwa baki har ta zubar da “karatu” a hanya, rumbun kaɗai ya isa arewa.

Na buɗe ƙofa don su gani da idonsu. Wata mata ta shiga ta zura hannu bayan littattafai tana lalube, ko an ɓoye buhunan a can. Har yau in na rufe ido ina ganin hannun nan. Kunya ta kama ni, ta koma faɗa, na ce su watse, nan ba gidan rabo ba ne.

Kai ka iso a kan kekenka, ka ji abin da ya faru, ka zauna a ƙasa gaban dattijon ka ce, “Laifina ne, Baba, ni na sa sunan.” Ba ka da ko tiya ɗaya da za ka ba su. Amma ka ce su shigo inuwa, ka cika randa. Ka karɓi takardun rabon abinci da ke hannunsu, waɗanda aka rubuta da Faransanci ba mai karanta musu, ka gaya wa kowa ranarsa da wurinsa. Waɗanda ba su da takarda ka rubuta sunayensu ka kai inda ake rabo. Masu neman dangi ka rubuta musu wasiƙu. Ka je wajen mahautan da ke ba mu ragon gasa ka roƙo ƙashi da kai, matan da ke mana yaɓe suka ɗora tukunya. Cikin mako biyu ɗakin karatu ya koma zaure.

Ni kuwa ina ta mita. Na ce yara suna yaga shafi, na ce an naɗe gishiri da jaridarmu, na ce wari ya kama littattafai. Duk gaskiya ne, amma ba su ne ciwona ba. Ciwona shi ne addu'a. Ina share bakin ƙofa ina jin tsofaffi suna sa maka albarka, wasu da Hausa, wasu da Buzanci. Ban iya Buzanci ba, amma sunanka ba ya buƙatar tafinta. Ni ke ɗebo ruwan randar nan sau huɗu a rana, ba wanda ya tambayi sunana.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

A lokacin, taro abin tsoro ne, rubuta sunayen mutane kuma ya fi. Wani mai kaki ya aiko a kira ni ofis, tunda makulli a hannuna yake. Ya tambaye ni wa ke tara jama'a a ɗakin hukuma, wa ya ba shi izinin yin jerin sunaye. Amsar gaskiya tana bakina. Da na ce mu biyu ne, mutane ne masu yunwa, sunan ɗaki ne ya ruɗe su, wataƙila da ya yi tsaki ya sallame ni. Sai na ce, “Ni makulli kawai nake riƙewa, ranka ya daɗe. Rumbun Salihu ne, kowa ya sani.”

Ba ƙarya na yi ba. Abin da gari ke faɗa na faɗa. Amma shekara nawa kalmomin nan suna mini ɗaci, ranar ce kaɗai na ji daɗinsu a baki. Na fito ina gaya wa kaina tsoro ne ya sa ni. Tsoro yana ciki, amma bai kai rabi ba.

Ba a yi wata ba takarda ta zo an mayar da kai wani ƙauye can gabas mai nisa, inda mota ke zuwa jefi-jefi. Aka hana taro a ɗakin, mutanen bukkoki suka daina zuwa, tukunya ta sauka. Ban san nawa ne cikinsu ranar rabonsu ta wuce don ba mai karanta musu takarda ba. Wannan ma yana wuyana.

Na raka ka tasha. Ina jiran ka dube ni ka faɗi wani abu, ko da zagi ne na taubasantaka. Sai ka ce, “Taubashi, ka sa duwatsu ƙarƙashin kanta, gara na nan tahe.” Ka hau mota. Na koma na sa duwatsun, suna nan har gobe.

Na ɗauka rumbu ya zama nawa. Da ruwa ya dawo na ɗaura akwati na fita zagaye ni kaɗai. Na zauna ƙarƙashin gawon nan naka na karanta musu labari, har da canza murya. Suka saurara don kara, kamar yadda ake sauraron baƙon da ya daɗe yana magana. Da zan tashi wani manomi a Bambeye ya ɗora mini dami a amalanke ya ce, “Ga na Mushe Salihu, in ka rubuta mai ka gaishe shi.” Bayan wasu shekaru wani Buzu ya zo ƙofar ɗakin janye da akuya. Ya ce mahaifinsa ne mai rawanin nan, kuma kafin ya rasu ya bar wasiyya a kawo wa rumbun Salihu. Na karɓa na yi godiya, muka yanka ta ranar gasa. Wallahi ko tsoka ɗaya ban ci ba.

Ba ka sake dawowa Tawa ba sai labarin rasuwarka. Da matarka ta komo gida na je yi mata ta'aziyya. Da mutane suka ragu ta dube ni ta ce, “Abdu, ya sani tun ranar. Masinjan ofis ya gaya mai. Ya hana ni in yi maka maganar.” Ka ga irin halinka? Ka sani kana tsaye a tasha, amma garar da za ta ci littattafai ka tuna. Na fito daga gidan ina kuka, kuma ko cikin kukan ina jin haushinka. Ka fi ni baki, ka fi ni farin jini, sai da ka haɗa da haƙuri ma ka fi ni. Ba ka bar mini komai ba, taubashi, ko laifinka ɗaya da zan riƙa tunawa in sami sauƙi.

Ɗakin yana nan. Kanta uku sun zama goma sha. Jikokin dukawan nan su ke mana ɗinki, mahauta ba su fasa rago ba, dami kuma yana zuwa, ko da yake wasu yanzu kuɗinsa suke aikowa. Ban taɓa fashin buɗe ƙofa ba sai ranar da na binne mahaifiyata. Amma yaran da aka haifa bayan ka rasu, in sun tare ɗan kabu-kabu, cewa suke a kai su rumbun Salihu. Ina zaune a ƙofa nake ji.

Shi ya sa da aka ce sunana za a sa a allo, raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba. Na rubuta shi a takardar, na goge, na sake rubutawa da manyan baƙaƙe. Ya yi kyau ƙwarai. Na kai shi har ƙofar mai fenti sau biyu ina juyowa.

Yau da hantsi na miƙa masa. Ya karanta ya dube ni, ya tambaya ko a ƙara nawa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Bakina ya ce a'a, zuciyata tana cewa i, na yi sauri na bar wurin kafin ta rinjaye ni. Shugaban kwamiti zai yi faɗa, sai in ce ya karanta wasiƙar nan. Kada ka ɗauka na warke. Gobe in an kafa allon zan tsaya in kalle shi, kuma zan ji zafi. Amma kalmomi biyun da na faɗa a ofis don a kore ka, su za a rubuta a ƙofa, ni kuma in riƙa wucewa ƙarƙashinsu kowace safiya da makullina.

Allah Ya jiƙanka, Salihu, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da kowace takarda da ka karanta wa mai yunwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka zo da ƙwarya suka koma da ita wayam. Ni kuma Ya yafe mini, Ya cire mini abin nan daga zuciya kafin in iso. In mun haɗu, don Allah ka zage ni ko sau ɗaya ne.

Naka taubashi,
Abdu mai makulli,
Rumbun Salihu, Tawa.