Usur Ɗinka Yana Wurina, Malam

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kabarinka na cike da haske, ina sanar da kai cewa jiya na fita takaba.

Shekara ashirin da ɗoriya kana koya wa yaran Paikon Kore ƙwallo, ban taɓa taka filin ba. Nawa dai wanki ne. Duk Lahadi ka shigo da buhun riguna, ina mita ina ɗauraya sau uku, don wasunsu da su suke sallar la'asar. Sai ka ce, "Hajara, ke ma fa 'yar kulob ce." Daga sallamarka nake gane ko kun ci ko an ci ku.

Duk sanda masu gine-gine suka tashe ku, ka ɗauki fartanya ka share wani fili. Allah bai ba mu haihuwa ba, har na taɓa ce maka cikin fushi 'ya'yan mutane ba za su zama naka ba. Ka yafe mini wannan maganar.

Ranar sadakar uku maza suka cika ƙofar gida, wasu da gemu, wasu daga ofis, wasu daga coci. Ban san fuskar kowa ba. Wani ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Mama Koci, ni ne lamba bakwai, ke ce kike ɗinke min hammatar riga." Nan take na gane shi. Suka yi ta faɗin lambobinsu ina kuka, don kowace riga na san inda take yagewa.

Da aka zo rabon gado na tambayi liman ko kayan ƙwallon suna ciki. Ya ce amanar yara ce. Na miƙa riguna da ƙwallaye, amma usur ɗin na ɓoye shi a jakar Alƙur'anina. Akwai shaidar haƙoranka a jikinsa, Malam. Na san ba nawa ba ne, kullum na zo karatu sai ya tsaya mini a rai. Lamba bakwai ke riƙe da yaran yanzu, an ce da fito yake tsayar da wasa.

Gobe zan kai masa da kaina, in ga filin nan naka. Zan kuma ce ya ci gaba da aiko da rigunan.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa wahalar da ka sha da yaran nan ta bi ka da lada, Ya sada mu a Aljanna.

Matarka, mai wankin kulob,
Hajara