Abin da Baba Ya Ɓoye a Gona

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ƙafar taka?

Yaya, nemi wuri ka zauna tukuna. Ka san kamfanin da ke son kafa injinan iska huɗu masu ba da lantarki a gonakin bayan gari? Jiya na kai wa Baba abinci, na tarar da jajayen turaku a tsakiyar gonarmu, masu awo suna jan igiya. Na fara faɗa, sai injiniyan ya nuna mini takarda. Baba ya ba su hayar rabin gonar, shekara ashirin, har da dangwalen yatsansa. Baban da ya yi shekara uku yana gaba da Kawu kan taku ɗaya na iyaka! Na tambaye shi dalili, ya ce in ji da tukunyata. Inna ma a bakina ta ji.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, Inna ma tana gaisuwa. Amsarka ta iso, amma kada ka kira Baba da faɗa.

Ranar Talata aka ɗaga fiffiken farko na injin iskar. Tsawonsa ya fi ajin makaranta uku. Gari ya fito kaf, kowa ya ɗaga kai, baki buɗe. Na waiga in ga fuskar Baba. Yaya, shi ma ya ɗaga kai yana jinjinawa, amma wani gefen daban yake kallo, inda babu komai sai sarari.

Da muka koma gida na tsare shi a zaure, ya faɗa mini gaskiya. Shekara biyu ke nan idonsa na tafiya. Bara da hannunsa ya nome dawarsa, yana zaton ciyawa ce, ya ce mana tsutsa ce ta ci. Ya ba da gonar ne don kada ka bar aikinka ka dawo riƙe fartanya. Kullum ni ke miƙa masa ruwa, ban taɓa lura ba.

Na kai shi asibiti. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan.

Bai ce in kira ka ba, ka san halinsa. Amma sau biyu yana tambayata ko jaririyarka da kai take kama. Ku taho da ita cikin watan nan, Yaya. Kada ku jira hutu.

Taka har kullum,
Auta