Lambar Baba Mani da Kuka Watsa a Guruf

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin jigilar kaya tsakanin Damagaram da Tamanrasset.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ni ne Sani mai lalle na Kasuwar Assihar a nan Tamanrasset, wanda motocinka suka daɗe suna ɗauko wa kaya. Sau uku ina zuwa buro, wato ofishinku, ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ka sani mu ba ma rubuta sunan mai aiko kaya a jikin buhu, alama muke yi. Tawa da'ira ce da ɗigo biyu. Inda ɗan kasuwa yake samo kayansa shi ne asirinsa. Takardar buro kaɗai ke ɗauke da suna, ita ma saboda dowan, wato 'yan kwastan.

Na biyu. Bayan Sallar layya sakatarenka ya tsiro da sabon salo, yana ɗaukar hoton takardun nan yana zubawa a guruf ɗin waya, wai kowa ya ga kayansa sun taso. Haba Alhaji! Guruf ɗin da har waɗanda suka daina hulɗa da ku suna ciki? Ga sunan Baba Mani, dattijon da ke noma mini lalle, ga ƙauyensu, ga lambar wayarsa, ga alamata, duk a faifai.

Na uku. Ba a yi sati biyu ba wani ya je wa Baba da cewa ni na turo shi. Ya faɗi alamata, ya faɗi ranar lodi. Wa zai ƙi yarda? Ya kwashe lallen kaka ya yi gaba. Daga nan kira ya yi ta shigo wa tsohon kamar ƙudaje, kowa na son saye. Da gaskiya ta fito cewa ba ni na tura mutumin ba, Baba ya ɗauka ni na tallata shi. Ya rufe wayarsa.

Alhaji, ba ni da kowa a garin nan. Iyayena sun rasu, aure bai zo ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baba yakan kira ni, ya ce ɗana, ya tambayi sanyi, ya yi mini faɗan ƙin cin abinci. Yanzu in zauna a rumfa in sa waya a gaba, har a yi la'asar shiru. Wallahi abin yana cina.

Roƙona: a goge hotunan, takarda kuma ta tsaya tsakanin buro da direba da dowan. Babban roƙon shi ne, direbanka yana bi ta kusa da ƙauyen su Baba. Ya ratse, ya gaya masa baki da baki cewa daga buronku lambar ta fita, ba daga bakina ba. Lalle kam zan samu a wani wuri, amma ba ni da wani mai kirana ranar Juma'a.

Allah ya tsare motocinka a hanya, ya rufa maka asiri fiye da yadda aka rufa mini.

Wassalam.
Sani mai lalle, Assihar.