Rabin Sunana

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Zafin Sakkwato ya kankama. Ko ruwan randa ɗumi gare shi. Na gama littafin da na aro wurin Maimunat, ƙanwar Malam, ina kwance a ƙasa don katifa ba ta kwantuwa. A shafin ƙarshe jarumin ya ƙwala wa matarsa kira da sunanta a filin jirgi, gaban mutane, har jaka ta suɓuce mata. Na karanta wurin, na koma baya, na sake.

Ni kuwa tun da aka ɗaura mana aure Malam bai taɓa faɗin sunana ba. Ba ƙi ba ne, na sani. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Zainaba. Ko Abu da ake kirana a gidanmu ba ta yiwuwa, don Inna ma Hajiya Abu ce a bakin mutanen Hubbare. Sai dai "mai sunan Inna". Da yana gida ban damu ba, akwai ido, akwai hannu. Yanzu da karatu ya kai shi Malesiya, abin da ya rage mini fuska ce a allon waya, da murya. Yakan yi kiran bidiyo bayan azahar, lokacin su can sun yi isha'i.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wani abu ya faru yau. Ko bai faru ba.

Muna cikin magana ya kalle ni, ya gyara murya, ya ce, "Zai…" Sai sabis ya ɗauke. Fuskarsa ta tsaya cak, baki a buɗe. Da hoton ya dawo har ya wuce wurin, yana tambaya ko an gyara famfo.

Zai. Rabin sunana ke nan. Ko kuma zai yi, zai zo, zai komai. Kunya ta hana ni tambaya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na wuni a kicin ina gwadawa. "Zai" na sunana a ƙasa yake farawa, "zai" na zai yi daga sama yake gangarowa. Ba ɗaya ba ne. To wanne ya yi? Na manta. Da na ɗauki muryar da yanzu na sani.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na gano wayata tana iya ɗaukar duk abin da ke allo. Kafin in amsa kiransa na danna. Ban gaya masa ba. Idan ya sani ai ba zai sake kuskurowa ba.

Yana ajiyewa na kunna. Ga shi nan da farar singileti, bakinsa na motsi, amma ba sauti. Ashe da yake na sa iyafis lokacin kiran, muryarsa kunnena ta shige, wayar ba ta samu komai ba sai abin da ke cikin ɗakin nan: fanka, injin markaɗen Audi na bayan katanga, da ni.

Ashe haka muryata take? Siririya, sai sauri. "Ka yi kewata? Kamar yaya? Faɗa mini dai." Kafin bakinsa ya rufe na jefa wata tambayar. Wani wurin ma kalmomin littafi na ɗauko, na ji su sarai, ba su zauna a bakina ba. Na kashe. Daga baya na sake kunnawa na rage sautin gaba ɗaya, ina kallon leɓensa kawai.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na leƙa wurin Anti Debora, maƙwabciyarmu da muke haɗa tsakar gida. Malamar sakandare ce, ta san kan waya. Ta ce abin da sauƙi: a cire iyafis, a sa kiran a sifika, a ajiye wata wayar kusa tana naɗa. Na ce to ta ara mini tata.

Tana yanka kuɓewa, ba ta ɗago ba. "Ya sani?"

Na ce ai mijina ne.

"Mijinki ne, muryarsa kuma tasa ce. Mu ko taron makaranta za a naɗa, sai an faɗa da baki kowa ya ji tukuna. Amarya, yadda namiji ke magana da matarsa a ɗaki kamar kanki ne ba ɗankwali. Ki tambaye shi, in ya yarda har caja zan haɗa miki."

Na yi dariya kamar ban ji haushi ba. Na ji.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Gidan Inna. Layin Hubbare cike da masu ziyara, da ƙyar mai adaidaita ya kutsa. Ta dama mini fura da kanta. "Takwara, kin rame. Wanga yaro shina kiranki kuwa?" Na ce kullum. Ta ce ita mijinta marigayi Malam Tambari har ya koma ga Allah ba ta ji sunanta a bakinsa ba, daga zaure yake gyaran murya ta san ko ruwa yake so ko baƙi ne. Tana faɗa tana murmushi, kamar wani abin daɗi.

Ni ba gyaran murya nake so ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na tono tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi daga akwati. Tana ɗaukar caji. Ba na buƙatar ta kowa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ya Allah.

Na sa shi a sifika, na kunna tsohuwar, na tura ta gefen filo inda ba zai hango ba. Daga sallamarsa na ji ba daidai yake ba. Malamin da ke duba bincikensa ya dawo masa da aikin da ya kwashe watanni yana yi, ya ce a sake daga tushe. Ya ce ba ya iya barci. Ya ce wani lokacin yakan zauna a masallaci bayan kowa ya watse don kada ya koma ɗaki shi kaɗai. Muryarsa ta karye. Ban taɓa ganin Malam yana share ido ba, ya juya kyamarar sama, sai silin nake gani.

"Kada Inna ta ji. Kada kowa ya ji. Ke kaɗai na faɗa wa."

Ni kuma ɗan jan ɗigon nan na tsohuwar wayar yana ƙiftawa a gefen gwiwata. Na kasa miƙa hannu in kashe, kada ya ga motsin.

Bai ce Zai ba. Ban ma tuna da shi ba sai yanzu.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na saurara. Fanka ta cinye rabin maganar, injin Audi ya cinye saura. Wurin da ya yi kukan ne kawai ya fito tas, saboda daidai lokacin aka ɗauke wuta. Ya kamata in goge. Amma ita ce muryarsa kaɗai da nake da ita a duniya.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Maimunat ta zo karɓar littafinta. Ina kicin ina zuba mata zoɓo na ji ta ce, "Lah, Anti, wagga tsohuwar wayar tana aiki? Akwai littattafai ciki?" Na fito da gudu, kofi a hannu. Yatsanta na yawo a kan allon. Na fizge, zoɓo ya ɓata mata hijabi. Ta tsaya tana kallona, "Mi yaf faru?" Na ce caji ne ba ta da shi.

Da ta danna fa? Daga ita sai Inna, daga Inna sai gidan gaba ɗaya. Mutumin da ya juya kyamara don kada ni ma in gani.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, don na san in na fara zan ɗauko zancen littafi. Na ce ranar Laraba ina naɗar muryarka.

Fuskarsa ta tsaya cak, har na zaci sabis ne. Amma idonsa na ƙiftawa.

"Duka?"

Na ce duka.

"Wa ya ji?"

Na ce ba kowa, wallahi.

"Goge." Na ɗaga wayar gaban kyamara na goge yana kallo. Ya ce, "Na ɗauka ni da ke ne a ɗakin." Ya yi sallama yadda yake yi wa baƙi.

Laraba, 30 ga Afrilu

Bai kira ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Saƙo kawai: "Lafiya lau nake. A gaida Inna." Na ajiye waya a kan tabarma tun azahar har la'asar ina kallonta. Anti Debora ta aiko mini da dafaffiyar gyaɗa, ba ta tambaye ni komai ba.

Na buɗe sabon littafi. Jarumar ta yi laifi, jarumin ya yafe a shafi na gaba, har da turare. Na rufe.

Wancan bidiyon na farko, marar sautinsa, shi ma na goge. Fuskarsa ce, ita ma ban tambaya ba. Yanzu ba ni da komai.

Talata, 6 ga Mayu

Ya kira! Ina wanki, na amsa da kumfa a hannu.

Bai yi dariya ba da farko. Ya ce, "To, mi kike nema a muryata da har sai an sace?" Na rufe fuska da gefen zane na faɗa masa komai, har da gwajin da na yi a kicin. Ya yi tunani, sai ya tuntsire da dariya har wayar ta faɗi daga hannunsa.

"Zai yi wuya in zo babbar sallah. Shi zan ce. Da sabis ya yanke sai na ga kamar Allah ne ya hana ni ɓata miki rai, na bar shi."

Biyu ke nan a lokaci ɗaya: ba sunana ba ne, kuma ba zai zo ba. Na yi kuka, ya bar ni na yi.

Can ya ce, "Ba zan iya ba, kin sani. Bakina ba zai ɗauka ba. Amma ke da kike tuhumata, kin taɓa faɗin nawa?" Na ce wannan daban. Ya ce, "Awo, daban." Ya ce in dai murya nake so in ajiye, ranar Alhamis in shirya, zai ba ni da saninsa. Sharaɗi: ba ta barin tsohuwar wayar, wayar kuma a sa mata mabuɗi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Anti Debora ta shigo kamar mai shirin biki. Ta rufe tagogi, ta rataya bargo a ƙofa, ta ce ɗaki mai kaya ya fi riƙe murya. Ta aza wayoyin biyu a kan filo, kusa amma ba su taɓa juna ba. Ta je da kanta ta roƙi Audi ya tsayar da injinsa na ɗan lokaci, ya ce in dai don amarya ce har gobe. Sannan ta kashe fanka. A watan Mayu! "Ko iska ko murya, zaɓi ɗaya." Ta fita ta ja mini ƙofa.

Na ce masa na kunna. Ya gyara zama, har da hula ya sa. "Na san ana ɗauka, kuma na yarda." Daga nan ya shiga magana kamar mai karanta labarai a rediyo: yanayin gari, farkon damina a can, yadda ake dafa shinkafa da kwakwa. Gumi na bin bayana. Na cije baki ban katse shi ba ko sau ɗaya, na tuna waccan siririyar muryar mai sauri.

A hankali ya manta. Ya cire hular. Ya ce malaminsa ya karɓi sabon babin. Ya ce ya yi mafarkin fura. Ya ce, "Kin jiƙe sharkaf, kunna fankar nan don Allah." Na ce a'a, za ta ɓata.

Bai faɗa ba. Ban sa rai ba. To, na ɗan sa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Muryar ta fito tas, har numfashinsa ana ji. Na sa iyafis ina tsintar shinkafa.

Juma'a, 23 ga Mayu

An yi ruwan farko, ƙanshin ƙasa har cikin ɗaki. Kiran yau bai yiwu ba, kwanon rufi ya hana mu jin juna, sai hannu muka ɗaga wa juna muna dariya kamar kurame.

Na kunna ta ranar Alhamis ɗin. Akwai wani wuri wajen ƙarshe da nake yawan komawa. Kafin ya ce "mai sunan Inna" yakan ɗan tsaya, ya gyara murya ƙasa-ƙasa, sannan ya faɗa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Duk kiran da muka yi yana yin haka ashe, fanka ce ke rufewa. Ko kuma ni ce. Ba wai na haƙura ba ne, a'a. Kawai dai wurin nake so.

Littafin Maimunat na biyu yana nan tun makon jiya, ban kai rabi ba. Zafi ne.

Jiya ya ce shi ma yana son tawa muryar, in na yarda. Na ce na yarda. Ya ce to in fara da sunansa. Na ce Allah ya kiyaye. Ɗazu da ruwan ya yi ƙarfi, ba mai jina, na gwada a kicin. Rabinsa ya fito, sauran ya maƙale.

Jelani.

Biro ne ya rubuta, ba ni ba.