Hantar Ragon Suna

Daren Alhamis, Gaya

Yau aka yi sunan jaririn Rukayya, 'yata ta fari, amma ko loma ɗaya na kasa kaiwa baki.

Tun da aka ce a asibiti jininta ya yi ƙasa nake kiwon ɗan ragon nan, don ta samu hanta da tsoka bayan haihuwa. Sai ruwa ya doki harawarmu ta ruɓe. Na aika yaronmu Gafasa neman harawa wajen Yaya Sani, ya ce tasu ma haka ta yi. Dusa zalla na koma ba shi, da ragowar tuwo, da masarar da ta yi hunhuna a rumbu. Ya yi ƙiba kuwa, kowa ya shigo sai ya yaba.

Da safe mahauci ya feɗe shi, ya kira ni gefe. "Hajiya, zo ki gani." Kitse ne jibge, tsokar ba yawa, kuma ta koɗe. Hantar duk tabo, tana dagargajewa a hannunsa. Ya ce, "Abincin da ya ci ne ya jawo. Wannan ko mai lafiya ba zan ba shi ba, balle mai jego." Aka haƙa rami aka binne ta.

Ya Allah, duk wahalar nan a banza.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Rukayya, leɓunanta fari fat. Ta ce, "Umma, an gasa hantar?" Na ce mata tukuna. Har barci ya ɗauke ta tana jira.